Littafin Awon Maɓalli

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da hannu biyu. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da tagwayenki masu ƙiriniya. Mu nan da sauƙi. Ciwon bayana ya lafa tun da na ƙara wa kujerar keken ɗinki matashi kamar yadda kika ce. Baba Tsoho, surukina, yana nan da tarinsa na safe, amma yana cin abinci. Maigidana, baban Maɓalli, har yanzu yana can wurin aikin hanya, ya ce sai sun gama gadar za a ba su hutu.

Kin ce in riƙa rubuto miki don kada karatun da na fara ina da shekara arba'in ya zube. To ga shi. Kuma kin san waya a gidan nan ba ta da sirri. In na yi tari a ɗakina, Baba Tsoho ne zai ce sannu daga nasa.

Ranar Laraba 'yar tawa Maɓalli ta karye a ƙafar hagu, a ƙwauri. Ba daga bishiya ta faɗo ba, ba mota ce ta buge ta ba. Daga matakala ta ƙarshe ta ƙofar shago ta diro, wadda tsayinta bai wuce taƙi ɗaya ba. Ina kan keke na ji wani ɗan ƙas, sannan na ji kukanta. Baba Tsoho ya riga ni isa, da gilashinsa na gyaran agogo maƙale a ido ɗaya.

A asibiti an ɗauki hoto, an sa filasta. Likitan saurayi ne mai ladabi. Amma da ya buɗe katinta ya ga karayar hannu ta bara, ita ma a hagu, sai ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce, "Mama, wa ke zama da ita a gida?" Na ce ni da kakanta. Ya ce, "Akwai mai dukanta?" Na ce, "Ɗana, yarinyar nan ita ke dukanmu." Ya ɗan yi dariya, amma ya rubuta wani abu mai tsawo, kuma ya karkatar da katin yadda ba zan gani ba. Da a da ne ba zan damu ba, tunda ban iya karatu ba. Yanzu na iya an hana ni, shi ne ya tsaya mini a rai.

Na roƙi hoton ƙashin, sun ba ni. Ga shi nan cikin babbar ambulan, na sa kwali don kada ya lanƙwashe. Na ba direban da ke zuwa garinku ranar Talata. Tunda ɗaukar irin hotunan nan ne aikinki, ki duba mini. Me zai sa 'yar shekara biyar da rabi ta karye sau biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba? Ina ba ta madara. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba.

Ki yi haƙuri da layukana, suna gangarawa ƙasa ta gefen dama. Malamar ajinmu ta yi ta fama da ni a kan haka.

Yayarki

*

Yaya,

Takardarki ta zo, na karanta sau biyu a tsaye kafin in cire takalmi. Muna lafiya. Tagwaye sun ce a gaida Maɓalli, kuma kada a bari kowa ya yi zane a filastarta, a ajiye musu wuri. Layukanki ba su gangara ko'ina ba. Rubutunki ya fi na likitocin nan kyau, su sai ka rantse kaza ce ta bi ta kan takarda.

Kada tambayar likitan ta ci miki rai. Dole ne su yi ta ga duk yaron da ya karye fiye da sau ɗaya. Da ni ce na kai yaro haka, ni ma za a tambaye ni.

Na sa hoton a fitila na daɗe ina kallo. Karayar ta zauna daidai, za ta haɗe. Amma akwai abin da ban so ba. Ƙashi mai lafiya a hoto yana da zane-zane a cikinsa, kamar saƙa. Nata, daidai inda ya karye, ya yi dishi-dishi kamar gilashin tagar banɗaki. Ni ba likita ba ce, ba zan faɗi abin da ban sani ba. Akwai wata likitar yara a nan, dattijuwa, muna ce mata Mai Tabarau. Ba ta raina magana ko ta mai shara ce. Zan kai mata in na samu ta zauna.

Kafin nan ki gaya mini, ban da ƙashin, akwai wani abu? Ko da ƙarami ne, ko da kina ganin ba shi da alaƙa. Na san ki. Ke kika raine ni, na san yadda kike haɗiye magana ki ce lafiya lau.

Ki gaida Baba Tsoho. Ki ce masa agogon da ya gyara mini yana gudu fiye da ni.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Muna nan. Tarin Baba Tsoho ya yi sauƙi. Maɓalli na jan ƙafa a kan tabarma tana ba kowa umarni.

Kin tambaye ni ko akwai wani abu. Takarda uku na yaga kafin wannan. Akwai.

Wata uku da suka wuce ina wanki na ga jini a ɗan kamfanta. Ba na rauni ba ne, na duba. Irin na manyan mata ne. Ya yi kwana uku ya ɗauke. Na tambaye ta ko ta faɗi, ko wani wuri na mata ciwo, ko wani ya taɓa ta. Ta ce a'a, ta ci gaba da wasanta. Ban gaya wa kowa ba, har babanta. Na wanke, na shanya a cikin ɗaki.

Ranar Asabar da ta wuce na je sayen zare da zif. Na bar ta wurin kakanta tun safe har azahar, saboda ƙafar. Washegari jinin ya dawo.

Ƙanwata, kin gane abin da zuciyata ta ce mini. Ba zan rubuta shi ba. Mutumin nan shekara bakwai muna gida ɗaya, tun rasuwar matarsa. Bai taɓa shiga ɗakina ba tare da sallama ba. 'Yata yake kirana. Shi ya fara sa wa yarinyar nan ruwa a baki da cokali lokacin da nake kwance. Amma namiji ɗaya ne a gidan nan, kuma likita ya tambaye ni wa ke zama da ita.

Tun ranar na dawo da tabarmarta gefen kekena. Ba na barinta ta shiga ɗakinsa. In ya kira ta ta riƙe masa 'yan sukurori, sai in ce tana barci, ko in ce likita ya hana. In zan shiga wanka ina kulle ƙofar shago da ita a ciki.

Ina tsoron kai ta asibiti da wannan magana. In na faɗa, za su zo gidan nan da tambayoyi. In ba shi da laifi, na kashe tsoho da ransa. In kuma na yi shiru alhali akwai abin da ke faruwa, wace irin uwa ce ni?

Ki gaya mini abin da zan yi. In kin karanta ki ƙone takardar nan, kada tagwaye su gani.

Yayarki

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ina fata lafiya ce ta sa shirun. Yau Talata ta uku ke nan ina zuwa tasha, direba yana juya mini hannu. Na ɗauki waya sau da yawa na ajiye, domin ba maganar da zan iya yi da baki ba ce.

In abin da na rubuta ne ya sa kika ji ƙyamata, ban ga laifinki ba. Ni ma ina jin ƙyamar kaina. Amma ko layi ɗaya ne ki aiko.

Baba Tsoho ya gane. Shekaranjiya da hantsi ya tsaya a ƙofar shago, bai shigo ba. Maɓalli ta ce, "Mai sanƙo, ka manta da ni ne?" Ya ce, "Ni na isa, uwar gayya? Aiki ne ya yi mini yawa." Alhali mako guda ke nan ba wanda ya kawo agogo. Sannan ya ce da ni, "'Yata, ina ganin zan koma wurin ƙanwar mijinki in zauna. Iskar can ta fi dacewa da ƙirjina." Na ce, "Baba, tarin ai ya warke." Ya ce, "Ya warke." Ya juya ya tafi.

Ya fito da akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Yana naɗe kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya cikin tsumma. Ya ce ƙarshen wata. Saura kwana goma sha shida.

Ban ce ya zauna ba. Ban ce ya tafi ba. Jiya na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Yayarki

*

Yaya, Yayata,

Ki yafe mini. An tura ni wani reshen asibitin na mako uku, mai ɗaukar hotonsu ta haihu. Takardunki biyu na tarar a ɗakin mai gadi, ɗaya kan ɗaya. Na karanta su a kan benci na yi kuka har mai gadin ya kawo mini ruwa. Ƙyamarki? Ke? In kika sake rubuta wannan kalma zan hau mota in zo in ɓoye miki almakashi.

Muna lafiya. Bari in tafi kai tsaye.

Ban ƙone takardar ba. Na kai wa Mai Tabarau ita da hoton ƙashin, na karanta mata abin da ya shafi jinin kawai. Ba ta firgita ba. Ta ɗaga hoton ta kalla, ta ce, "Yarinyar tana da tabo a fata?" Na ce ban sani ba. Kin ga, ni ƙanwar uwarta ce, amma ban taɓa ganin bayan Maɓalli ba. Kullum tana cikin rigunan nan naki masu kyau.

Ta ce akwai ciwon da ke kawo wa ƙaramar yarinya jini daga cikin jikinta, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ba ta ce shi ne ba. Ta ce ba za ta yanke hukunci a kan yarinyar da ba ta gani ba, kuma ba ta ce ki daina lura da 'yarki ba. Amma tana son amsar waɗannan:

Akwai tabo a jikinta tun haihuwa? A ina, yaya bakinsa yake?
Ƙirjinta ya fara tasowa?
Tana tsawo da sauri fiye da sa'o'inta?
Ƙafafunta tsawonsu ɗaya?

Na ce mata katin awon asibiti ya tsaya tun Maɓalli na da shekara biyu. Sai na tuna da baƙin littafinki na awo. Na ce, "Likita, yayata tela ce, ko kyanwa ta shiga shagonta sai ta auna ta." Ta ce a kawo littafin.

Ki amsa da motar Talata. Kuma ki san dabarar da za ki yi Baba Tsoho ya ƙara kwana. Ki ɓoye masa takalmi in ta kama.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na ga takardarki, numfashina ya dawo. Muna lafiya. An cire filasta ranar Alhamis, ƙafar ta yi siriri amma tana takawa. Na ce wa Baba Tsoho ya jira ɗansa ya dawo tukuna, bai dace ya tarar da ɗakin ubansa wayam ba. Ya ce zai ƙara mako biyu.

Ga amsoshin. Na zauna da littafin na bi shi shafi shafi. Shafukan farko zane ne da lambobi kawai, lokacin ban iya rubuta suna ba. Inda kika ga an zana maɓalli mai huda huɗu, nata ne.

Tabo akwai. Da shi aka haife ta, mun ce tawadar Allah ce. Ya fi sauran fatarta duhu. Ya taso daga gefen wuya na hagu, ya sauka kan kafaɗa, ya bazu har tsakiyar baya. Bakinsa ba sumul ba ne. Kamar yadin da aka yaga da hannu yake, ba wanda aka yanka da almakashi ba. Kuma yana tsayawa cak a kan layin ƙashin baya, daidai inda nake sa zif. Ko ɗigo bai tsallaka dama ba. Akwai wani ƙarami a ɗuwawun hagu, shi ma haka. Na ɗora takardar yanka mai shara-shara a bayanta na bi bakin tabon da fensir. Tana ta dariya wai cakulkuli nake mata. Ga takardar nan a ninke.

Tsawo. Daga shekara uku zuwa huɗu ta ƙaru da inci biyu da rabi. Daga huɗu da rabi zuwa yanzu, inci huɗu da rabi. Ina ta murna ina cewa ta ɗauko babanta.

Ƙirji. Ya taso kaɗan, wata takwas ke nan.

Ƙafa. Ta hagu ta gaza ta dama. Shekara biyu da suka wuce da kwatan inci. Bara da rabin inci. Jiya na auna, ya kusa inci guda.

Yanzu ga abin da na gane ina cikin rubuta wannan, har na ajiye biro na fita tsakar gida na dawo.

Duk na san waɗannan. Ba wanda na manta. Amma ban taɓa ɗaukar su ciwo ba, na ɗauke su aiki. Mace ta zo da kafaɗa ɗaya a ƙasa, ba ka ce mata komai, sai ka gyara a ɗinki ta fita tana taƙama. Haka aka koya mini. Da yara suka fara tsokanarta a kan tabon wuya, sai na koma yi mata riga mai tsayayyen wuya. Da ƙirjin ya taso, na sa tattara daga kafaɗa don rigar ta saki. Da ƙafar ta gaza, na riƙa rage tsawon ƙafar wando ta hagu, na sa ɗan soso a cikin takalmin. Kowace shekara ina ƙara gyara, ina jin daɗi ba wanda ya lura. Likitan da ya ɗaure ƙafar, wandon kawai ya naɗe. Wanda ya ɗaure hannun bara, hannun riga ya naɗe. Ke kanki ba ki gani ba.

Ni na ɓoye ta, ƙanwata. Da hannuna, da zare mai kyau.

Ga littafin. Ki kula da shi, awon mutane da yawa na ciki.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya, littafi ya iso.

Mai Tabarau ta shimfiɗa takardar yankan a kan tebur ta danne da kofin shayi. Ta bi miƙaƙƙen gefen da yatsa ta ce, "Wa ya zana wannan?" Na ce yayata. Ta kira ɗalibanta uku ta ce su zo su ga yadda ake duba mara lafiya. Sannan ta kwafe lambobinki a takardar awon girma. Ta ce asibiti bai ajiye abin da kika ajiye ba. Saboda haka ki daina cewa ke kika ɓoye ta. Hannun da ya rufe shi ne ya rubuta.

Ga abin da take zato, ta ce zato ne mai ƙarfi. Ciwo ne da ba a cika gani ba, sunansa McCune-Albright, sunan wasu likitoci biyu. Alamunsa uku ne: tabo mai yagaggen baki, ƙashi mai taushi a wasu wurare, da sinadaran jiki masu tashi aiki kafin lokaci. A yarinya mace, wata 'yar jakar ruwa kan fito a inda ƙwan haihuwa yake, ta zubo sinadarin balaga. In ta sace sai jini ya zo. Yakan zo ya tafi da kansa, ba ruwansa da wanda ke gida ranar.

Ba gadonsa ake yi ba. Ba daga gare ki ba ne, ba daga babanta ba, ba abin da kika ci ko kika sha. Tun tana 'yar mitsitsiya a ciki wani ɗan kuskure ya shiga wasu ƙwayoyin halittarta, wasu bai shiga ba.

Ba ya warkewa gaba ɗaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma akwai ƙwayar da ke tsayar da jinin da saurin girman, kuma za a riƙa lura da ƙashin. Ta ce ki kawo ta ranar Litinin. Za a ɗebi jini, a yi hoton ciki, a ɗauki hoton sauran ƙasusuwa, ni da kaina zan ɗauka. Za ta kuma duba ta sosai, don ki samu amsar tambayar da ba ki rubuta ba.

Na gyara muku ɗakin tagwaye. Ki zo mata da riga mai sauƙin cirewa. In kika sa mata mai tsayayyen wuya, a tasha zan mayar da ku.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Mun iso lafiya, motar ba ta tsaya ko'ina ba. Allah ya saka muku da alheri, ke da maigidanki, kwana tara kuna kwana a takure. Maɓalli tana shan ƙwayar ba gardama. Ta ce a gaya wa tagwaye ta ƙirga kayan wasanta, ɗaya ya ɓata.

Na kira babanta daga tasha na gaya masa ciwon. Ya ce zai nemi hutu ko gadar ba ta ƙare ba.

Saura Baba Tsoho. Na tarar da akwatin a ɗaure a bakin ƙofarsa. Washegari da safe na kai masa shayi na durƙusa. Na ce, "Baba, an gano ciwon." Na karanta masa takardar likita da bakina, har sunan nan mai wuya. Ya ce in yi masa bayani da Hausa. Na ce kamar yadi ne da zare ɗaya ya kuskure tun a masaƙa. Yadin duk yana da kyau, amma duk inda zaren nan ya bi za a ga alama. A wurinta ya bi ta fata, ya bi ta ƙashi, ya bi ta ciki. Na gaya masa maganar jinin. Na gaya masa likita ta duba ta ce ba wanda ya taɓa ta.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya ɗauki kofi.

Da na so, da na tashi a nan. Kin ce mini a tasha ba dole ne in faɗi sauran ba. Amma na ce, "Baba, na zarge ka."

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Na sani. Tun ranar da na ji kin murza makulli."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Da kin ga jini kin yi shiru kin ci gaba da bar mini ita, da na raina ki. Wannan ɗaya. Na biyu kuma, ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi. Kada ki matsa mini in ce ya wuce yau." Na ce ba zan matsa ba. Ya ce, "Tashi, gwiwarki ba ta yarinya ba ce."

Kwana huɗu bai ce zai zauna ba, bai ce zai tafi ba. Ya daina ce mini 'yata, maman yarinya yake cewa. Na bar ƙofar shago a buɗe. Maɓalli ta shiga ɗakinsa da kanta, ina jin su suna faɗa a kan wanda ya fi wani rashin haƙori.

Kin tuna Mai Tabarau ta ce a cire soson nan, a kai takalmin hagu wurin mai gyara ya ƙara masa tsayi daga waje, daidai awon da ta rubuta. Yau da hantsi na ɗauko takalmin zan fita. Sai ga Baba Tsoho ya sa hula. Ya ce mai gyaran takalmin bakin kasuwa abokinsa ne, kuma aikin ba ya kyau sai an gwada a ƙafar mai shi. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Maman yarinya, ko zan iya fita da ita?"

Ƙanwata, shekara biyar da rabi bai taɓa neman izinina a kanta ba. Duk abin da ya faru, wannan ne ya fi ƙona ni. Na ce, "Baba, jikarka ce." Ya ce, "Na sani. Tambaya na yi." Na ce, "Ku je."

Na ba shi takardar awon. Ta riƙe masa yatsa, suka sauka matakalar a hankali, yana ce mata, "Ƙafar dama tukuna, uwar gayya." Ban bi su ba. Ban leƙa ta taga ba. Na zauna na ɗauko takarda na fara rubuta miki wannan, domin hannuna ya samu abin yi.

Sun yi awa biyu yanzu. Kin san shi da hira in ya haɗu da abokinsa. Bari in tashi in ɗora musu abinci.

Yayarki